Ba Kunya Ba Ce, Sunan 'Yata Na Manta

Assalamu alaikum Edita, da duk mai bibiyar wannan shafi. Ba zan faɗi sunana ba, ba don ina tsoron kowa ba, sai don akwai yarinya a cikin labarin nan, kuma wata rana za ta girma ta iya karanta Hausa. Waɗanda suka san ni a Manchester da Birmingham za su gane ni tun kafin su yi nisa. Su gane ɗin mana. Ai sun daɗe suna ba da labarina a majalisa yadda suka ga dama, yau kuma ni zan ba da shi da bakina.

A lokacin ni ɗalibi ne a Manchester, ina digiri na uku a kan harkar ruwan sha, da tallafin karatu daga gida. Bakano ne ni, na cikin gari. Ina tare da matata, wadda take aiki a gidan kula da tsofaffi, da 'yarmu guda ɗaya da ba ta daɗe da fara makaranta ba. Mun fara zama a wani ɗan gidan haya a unguwar Hulme kusa da uni, wato jami'armu, daga baya muka koma Gorton. Ba ni da wani kyau na a zo a gani, amma Allah ya ba ni kai, kuma na san ya ba ni. Lambar waya sau ɗaya za ka faɗa min. Idan gardama ta kaure a kan wa ya ce me a taron 'yan uwa na bara, ni ake kira in raba. Sigari ban taɓa sa ta a baki ba, giya kuwa ko ƙofar gidanta ba na kallo. Abu ɗaya nake ci, goro. Tun ina sakandare na koya a wurin kawuna, kuma ban taɓa jin an zagi mutum don ya ci goro ba.

To, goro a ƙasar nan sai a hankali. Sai wani ya zo daga gida ya taho maka da 'yan ƙwaya, kafin ka ankara sun yamutse. Ga shi na shiga shekarar rubutu, malamar da ke duba aikina tana matsa min, barci yana ɗibata a gaban kwamfuta. Ana haka na je Birmingham ta'aziyya, na haɗu da wani ɗan unguwarmu da muka yi firamare tare, yana tuƙin tasi a can. Na yi masa ƙorafin goro cikin wasa, sai ya kwashe da dariya ya ce ai ni ne ban san gari ba, akwai goron da ya fi namu, goron mutanen Yaman da Somaliya, ganye ne ana ce masa kat. Na ce ba shi ne wanda doka ta hana ba? Ya ce haba malam, Turawan nan da sun san goronmu da shi ma sun hana, duk abin da ba nasu ba tsoronsa suke. Kalmar nan ta goro ita ta shige ni. Da ce min ya yi ƙwaya ce ko wiwi, wallahi ko gaisuwa ba za ta sake haɗa mu ba. Amma goro fa? Wanda ake rabawa a ɗaurin aure, liman ma ya jefa nasa a aljihu?

Bayan la'asar ya kai ni unguwar Sparkbrook, muka bi wani lungu a bayan Stratford Road, muka hau wani ɗaki a saman shago. Katifu jingine da bango, shayi mai zaƙi a fulas, gyaɗa da cingam a faranti. Ɗanyen ba ya samuwa sosai tun da aka hana, busasshe ake jiƙawa a tauna, a tara shi a kunci ɗaya. Ɗacinsa ma ya ƙara yaudarata, na ce lallai ɗan uwan goro ne. Kada wani ya ce mutanen Yaman da Somaliya na zo zagi. Da yawansu ba sa ci, matansu ne ma kan gaba wajen tsine wa ganyen, har wani dattijonsu ya taɓa tare ni a bakin masallaci ya ce ɗana, me ya kawo ka cikin abin da mu muke gudu? Na yi masa murmushi na wuce. Ranar farko dai ji na yi kamar an wanke min kai da sabulu. Na yi surutu har muƙamuƙina ya yi ciwo, na warware wa direbobin tasi matsalar ruwan Kano kaf a zaune. Na koma Manchester da ƙulli a jaka.

Daga ranar Asabar kawai, sai ya zama Asabar da Laraba, daga nan na daina lissafi. In ce wa matata zan je ɗakin karatu a Birmingham, in hau mota in je in sayo. Ina taunawa ina rubutu, shafuka su yi ta zuba, ina jin ba a taɓa yin mai basira irina ba. Washegari in karanta in tarar magana ɗaya na yi ta juyawa. Abinci ya fita kaina, barci ya ƙaurace min, wandona ya fara zamewa. Sai ƙananan abubuwa suka fara. In shiga kicin in tsaya ina kallon firij, ban san me na zo ɗauka ba. In tayar da salla in rasa a raka'a ta nawa nake, har ƙabli da ba'adi suka zame min abin kullum. In karanta sakin layi, kafin in kai ƙarshe farkonsa ya gudu. Rannan malamata ta yi min tambaya a ofishinta, na amsa, sai ta ce ai wannan amsar na ba ta ɗazu, tambayar yanzu daban ce. Na ce mata gajiya ce. Maganin gajiya kuma a wurina shi ne in ƙara ganye.

Wadda ta fi shan wahala ita ce matata, kuma a nan ne nake sunkuyar da kai. Za ta ce min in ɗauko yarinya daga makaranta don an ba ta aikin yamma, in ce to, can sai a kira daga makarantar a ce kowa ya watse saura 'yarmu. Ta dawo ta yi magana, in rantse da Allah ba ta faɗa min ba. Kuma a nawa tunanin ba ƙarya nake ba, wurin fayau yake a kaina. Na sha ce mata ita ke ƙirƙirar magana don ta nuna ta fi ni kula da yarinya, har baiwar Allah ta fara shakkar kanta, ta koma turo min saƙo a waya don ta sami shaida. Da ta ga ganyen ta tambaye ni, na ce goron Larabawa ne. Ta ce Abban Ummi, ita dai a gidan maciya goro ta tashi, ba ta taɓa ganin goron da ake ɓoyewa a cikin takalmi ba. Na daka mata tsawa, na fice na bar mata gidan.

Ummi ita ce 'yar tamu, amma ba shi ne sunanta na yanka ba. Sunan mahaifiyata na sa mata, ga ta kuma 'yar fari, kunya biyu ke nan. Duk Bahaushe ya san ba zan buɗe baki in kira sunan nan gatsal ba. A gida da waje Ummi ce, takardun makaranta da na GP, wato likitan unguwa, kuwa uwarta ke cikewa. Wata Lahadi aka yi sunan ɗan wani abokinmu a Hulme. Ana cikin cin waina, wani dattijo da muke ce wa Baba Dakta, wanda ya fi kowa daɗewa a garin, shi ke ɗaura mana aure ya sasanta mana rigima, ya dafa kan yarinyar zai yi mata addu'a, ya juyo ya tambaye ni ainihin sunanta. Na buɗe baki, ba komai. Ba wai yana kan harshena ya ƙi fitowa ba, a'a, babu shi ne kwata-kwata. Sunan uwar da ta haife ni fa! Na sunkuyar da kai, gumi yana karyo min. Sai ɗakin ya kaure da dariya, ana cewa kai, ga Bakanon asali, Turai ba ta lalata shi ba. Baba Dakta ya yi ta sa min albarka, ya ce yaran yanzu su zo su koyi kara. Matar mai gidan ce ta leƙo ta faɗi sunan, ina jin sa ya faɗo min kamar bai taɓa tafiya ba. Na karɓi yabon nan da hannu biyu na tafi gida da shi, ban gaya wa kowa ba.

Lokacin sanyi ne abin ya fashe. Ummi ta yi kwanaki tana tari da zazzaɓi. Uwarta ta fita aikin safe, ta ce in sa mata ido, kuma na san wayarta a cikin loka, akwatin ajiyar ma'aikata, take barinta idan ta shiga aiki. Ni kuwa tun hantsi ina ɗakin baya, kunci cike, wai ina rubutu. Wajen azahar na ji an taɓa ƙafata. Na duba na ga yarinya riƙe da ƙirji, numfashi sama-sama, leɓenta ya sake launi. Innalillahi! Na sure ta ko takalmi ban sa mata ba, na tare tasi, muka nufi sashen gaggawa na asibiti. Duk hanya ina rungume da ita ina jin zafin jikinta ta cikin rigata, ina cewa sannu Ummi, sannu uwata, mun kusa.

Matar da ke kan teburin karɓar marasa lafiya ta tambaye ni sunan yarinya. Na ce Ummi, na ba ta sunan mahaifina a ƙarshe. Ta danna kwamfuta ta ce babu mai wannan suna, ko akwai wani sunan da aka yi mata rajista da shi? Na ce akwai. Ta ce mene ne? Na tsaya. Irin wancan ramin na ranar suna ne ya sake buɗewa, sai dai yau ba mai dariya, ba mai leƙowa daga kicin. Ta ce to ranar haihuwa fa? Ita ma babu. Na ce a lokacin zafi ne, ko kuma farkon sanyi. Ku dubi yadda nake a idon matar nan: ƙaton mutum, ido jajur, haƙora kore-kore, muƙamuƙi yana motsi shi kaɗai, ɗauke da yarinya ba takalmi, bai san sunanta ba. Na ga lokacin da fuskarta ta canza. Allah ya saka musu, ba su tsaya jiran suna ba, wata nas ta karɓe ta aka yi ciki da ita, aka sa mata abin iskar numfashi. Likita ya saurari ƙirjinta ya ce ciwon ya sauka huhu, za su yi mata allura yanzu. Ya kalle ni ya tambaya ko akwai maganin da jikinta ba ya so. Na ce babu. Ban yi inda-inda ba, da ƙarfin gwiwa na faɗa.

Ummi ce ta ɗaga abin da ke fuskarta, da ɗan numfashin da ya rage mata, ta faɗa wa nas ɗin cikakken sunanta da Turancinta na 'yan Manchester, a lanƙwashe yadda malamansu suke faɗa. Aka danna, sai ga jan gargaɗi a kwamfuta: jikinta ba ya ɗaukar fenisilin. Tana jaririya an taɓa ba ta, ta kumbura sumtum har aka kwantar da ita, kuma ni ne na riƙe ta a ranar. Nas ɗin ta ɗauke farantin allurar da ta riga ta haɗa, ta fita da shi. Da ta dawo da wata allurar daban, sai ta durƙusa ta tambayi yarinyar a hankali wane ne wannan mutumin. Ummi ta ce Daddynta ne, kada su yi masa faɗa, mantuwa yake yi, ita ma yana manta ta a makaranta amma ba komai, Miss, malamarsu, tana zama da ita. Jama'a, ban san sanda na zauna a ƙasa ba.

Kafin la'asar aka kira ni wani ɗan ɗaki, ga ma'aikaciyar kare yara ta ƙaramar hukuma da takarda a gabanta. An samu matata a wurin aiki, ta iso da rigar aikinta, kuma a hanya ta kira Baba Dakta kamar yadda kowannenmu yake yi idan abu ya ɓaci. Ya zo da babbar riga a ƙarƙashin kwat. Yana jin an ce uba ya kasa faɗin sunan 'yarsa, sai ya yi murmushi ya gyara zama. Da Turancinsa mai tsabta ya yi mata bayanin kunyar ɗan fari, da yadda ɗa ba ya kiran sunan uwarsa ko da a kan 'yarsa yake. Ya ce shi shaida ne, a gabansa na taɓa yin haka a taron suna. Ya ce sauran kuma ruɗewa ce ta uban da ya ga 'yarsa ba numfashi. Matar nan ta yi ta gyaɗa kai, kunya ta kama ta, har da ba mu haƙuri, ta ce ba ta san da wannan al'ada ba, za ta rubuta don kada a sake yi wa wani haka. Sannan ta juyo ta tambaye ni ko haka ne. Baba Dakta ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa in ce e kawai a rufa asiri, in tuna biza, in tuna karatu, in tuna mutanen nan ba su da wuyar raba mutum da ɗansa. Kai kawai zan gyaɗa a bar min 'yata.

Na kalli matata. Ita ba ni take kallo ba, ƙasa take kallo. Sai na tuna nan da 'yan kwanaki za ta koma aiki, ta rufe ƙofa ta bar yarinyar nan da ni, da wannan kan nawa. Na ce wa ma'aikaciyar a'a. Na ce al'adar gaskiya ce, Baba bai yi ƙarya a kanta ba, amma ba ita ta riƙe min baki ba. Babu al'adar da ta hana ni faɗin ranar haihuwar 'yata, babu wadda ta sa ni in ce wa likita ya yi mata allurar da za ta iya kashe ta. Mantawa na yi. Na ce kat nake ci, na daɗe ina ci, ko yau da shi na karya. Na zaro ƙullin da ke aljihun kwat ɗina na ajiye a kan teburin. Baba Dakta ya yi salati, ya tattara rigarsa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Abin da Baba Dakta ya tsoratar da ni da shi bai zo duka ba, amma wanda ya zo ya isa. An yi min gargaɗi a hukumance a kan ganyen. An ce ba za a bar ni ni kaɗai da yarinya ba sai an ga hali. Uni ta dakatar da karatuna na wani lokaci. Da aka sallami Ummi, uwarta ta wuce da ita gidan yayanta a Birmingham. A bakin motar ta ce min ba saki take nema ba, amma ba za ta yi caca da ran 'yarta ba. Ta ce abin da na faɗa a ɗakin nan shi ne gaskiyar farko da ta ji daga bakina a tsawon lokaci, kuma shi kaɗai ya hana ta ɗaukar fasfo. Na koma Gorton na tarar da takalman yarinyar a bakin ƙofa inda na bar su. Na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Sai bakin mutane. Aka ce na kunyata dattijo a gaban Baturiya. Aka ce na zubar wa Hausawa mutunci, yanzu za a riƙa kallon kowa da ido ɗaya. Wasu suka ce karatu ne ya taɓa min kai, wasu suka ce jifa ne daga gida, har da mai turo min lambar malami. Wani ya tare ni bayan Juma'a ya ce an miƙo min tsani na sa ƙafa na ture, wawa kawai. Na ce na ji, wawa ne ni, amma 'yata tana numfashi. Ɗan unguwar tamu mai tasi ya kira ya ce don Allah kada in ambaci wurinsu, kuma ni ne na zaƙe, shi ai shekara da shekaru yana ci bai ga komai ba. A cikin wayar nan sau biyu yana tambayata lafiyar iyali, ya manta ya riga ya tambaya. GP ya tura ni wurin masu taimaka wa masu son barin shaye-shaye, na zauna a layi ɗaya da mutanen da a da nake tsallaka titi in na gan su. Makonnin farko ba daɗi: kasala, baƙin rai, mugayen mafarkai, jiki kamar an yi min duka. Kuma duk sanda zan je ganin Ummi sai bas ta bi da ni ta Stratford Road, ta gaban lungun nan. Ina danne hannuwana a ƙarƙashin cinya har mu wuce. Ban sauka ba ko sau ɗaya.

Ba zan yi muku ƙarya in ce kaina ya dawo yadda yake ba. Barci ya dawo, abinci ya dawo, salla ta daidaita, na koma karatu ina ja a hankali. Amma lambar waya yanzu sai an maimaita min, kuma akwai watanni a rayuwar 'yata da ake ba ni labarinsu kamar ba na gidan. Na tambayi GP ko sauran zai dawo, ya ce ba zai yi min alkawari ba. Da ma'aikatan suka gamsu, matata ta dawo da yarinya. Ranar da ta fara fita aiki ta bar mu mu biyu, ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe riƙe da jaka. Ban ce mata ta yarda da ni ba. Na juya na kira 'yata da sunanta na yanka, da ƙarfi, na ce ta zo ta yi wa mamanta sai ta dawo. Matata ta zaro ido ta ce Abban Ummi, lafiya? Na ce lafiya lau, daga yau haka zan riƙa kiranta. Sunan da ba na faɗa shi ne ya ɓace min ba wanda ya lura, ni kuwa na gama ɓuya a bayan kara.

Wannan ma ya zama abin magana. Mara kunya, mai kiran sunan uwarsa a bainar jama'a, Turai ta gama da shi. Ko a jikina. Mutum ɗaya nake tsoro, kuma ranarta ta zo. Muna waya ta bidiyo da Hajiyata, yarinya tana ta tsalle a kan kujera, bakina ya suɓuce na kira sunan. Kafin yarinyar ta juyo, tsohuwa ta amsa daga Kano, ta ce na'am. Na dafe baki. Ta gyara mayafi ta ce wa na kira? Ban ɓoye mata komai ba, tun daga ɗakin saman shago har farantin allura. Ina magana ina jin kukan awakin maƙwabta ta cikin wayar. Da na gama sai da ta wanke ni tas a kan ganyen, ta ce ban kyauta wa 'yar mutane ba, in je in sake ba ta haƙuri. Sannan ta ce sunan kuwa in ci gaba da kira, ta yafe. Ta ce gara ta ji shi a bakina a tsakiyar kasuwa da a ce ya fita daga kaina, kuma tun da iyayenta suka rasu ba ta sake jin wani nata ya kira ta da shi ba.

Ga abin da na koya, kuma ga saƙona, musamman ga 'yan uwana da aka turo karatu, masu neman abin da zai hana su barci. Kat ba goro ba ne. Duk wanda ya ce maka goro ne, ko bai sani ba, ko kuma ya manta ne shi ma. Zai ba ka surutu da jin kai na 'yan awoyi, ya riƙa ɗebe maka abin da ke cikin kanka kaɗan-kaɗan, kuma ba zai fara da abin da za ka lura ba. Ku mata, idan mutum ya fara rantsuwa ba ku faɗa masa abin da kuka faɗa ba, kada ku zargi kanku, ku bincika. Ku kuma dattawanmu, ina girmama ku, na san don ƙauna kuke rufa mana asiri, amma ku riƙa duba wanda za a bari a gida da asirin idan kun tafi. Na yi nadamar ganyen nan, na yi nadamar abin da na yi wa matata. Abin da na faɗa a ɗan ɗakin nan kuwa ban yi nadamarsa ba, ko yau aka mayar da ni zan sake faɗa. Masu cewa na rasa kunya su ci gaba da faɗa. Ni dai gobe da safe ni zan raka 'yata makaranta, kuma ni zan je in ɗauko ta.